Girka Linux na Aikin Sauti ga Mai Larurar Gani: Tambayoyi da Amsoshi

Me ake nufi da tsarin kwamfuta na aikin sauti?

Linux ne da aka riga aka tanada domin ɗaukar murya, haɗa kiɗa da gyaran sauti. Ubuntu Studio, wanda ya fara fitowa a 2007, da AV Linux su ne aka fi sani. Suna zuwa da manhajoji irin su Ardour da Audacity, kuma an daidaita su don rage jinkirin sauti, wato ɗan lokacin da ke tsakanin ka taɓa kirtanin gita da ka ji shi a kunne.

Makaho zai iya girka shi shi kaɗai?

Zai iya, amma akwai wuri ɗaya da kwamfuta take bebiya: allon BIOS, inda ake zaɓar a tashi daga filashi. Babu manhajar da ke magana a nan. Sai dai ka haddace maɓallin kwamfutarka, F12 a yawancin Dell da Lenovo, F9 a HP, ka danna shi da zarar ka kunna. In abin ya ƙi, ka nuna allon ga kyamarar waya ta Be My Eyes, manhajar da ke haɗa makaho da mai gani ya duba masa, ko ka nemi wani ya duba maka na minti biyu. Ba abin kunya ba ne, aikin sau ɗaya ne.

Filashin kuwa ana iya shirya shi a Windows da Rufus, manhajar ɗora Linux a filashi, wanda NVDA, mai karanta allo na Windows, ke karantawa lafiya.

To, da wanne ya kamata in fara?

A nawa ganin, kada sunan "na sauti" ya ruɗe ka. Fara da wanda zai yi maka magana tun daga farko, kayan sauti ka ɗora daga baya. Debian, wani nau'in Linux, ya fi kowa adalci a nan: idan filashi ya tashi za ka ji ɗan ƙara, ka danna harafin s sannan Enter, sai murya ta fara karanto tambayoyin girkawa ɗaya bayan ɗaya, kana amsawa da lamba. Idan katin sauti ya fi ɗaya, zai gwada su ya ce ka danna Enter a wanda ka ji. Wanda ya girka ta wannan hanya, tsarin zai tashi yana magana bayan an gama. A Ubuntu na gama-gari kuma, danna Super (maɓallin Windows) da Alt da S tare yana tayar da Orca, mai karanta allo na Linux.

Ubuntu Studio ya koma teburin KDE Plasma tun 2020, kuma masu dogaro da Orca sun fi sabawa da teburan GNOME da MATE. Amma ba a rasa komai ba: akwai Ubuntu Studio Installer da ke ɗora kayan sautin a kan Ubuntu ɗin da ka riga ka girka.

Me ya sa Orca ke yin shiru da zarar na buɗe manhajar kiɗa?

Nan ne gizo ke saƙa. Mai gani yana da allo da lasifika, kai kuwa lasifikar ce allonka. A da, JACK, wanda manhajojin ƙwararru ke bi don kaiwa ga katin sauti, yakan kama katin ya hana kowa. Orca yana can yana magana ta wata hanya, ba mai jinsa. Ka tayar da JACK, ɗaki ya yi tsit, ba ka ma san inda maɓallin kashe shi yake ba.

PipeWire, sabon tsarin sarrafa sauti a Linux, ya rage wannan matsala sosai, domin yana haɗa hanyoyin biyu a wuri ɗaya. Fedora ya ɗauke shi a 2021, Ubuntu a 2022. Duk da haka, dabarar da ta fi ba da kwanciyar hankali ita ce raba gida: murya ta fita ta katin da ke cikin kwamfuta, kiɗa ya bi na'urar sauti ta USB. Haka kuma muryar Orca ba za ta kutsa cikin abin da kake ɗauka ba. Mai allon rubutun makafi na Braille ya kunna BRLTTY, ko sauti ya ɗauke yana karantawa da yatsa.

Manhajojin kansu fa, suna karantuwa?

Gaskiya ɗaya ce: Ardour yana zana yawancin fuskarsa da kansa, Orca ba ya ganin abin kirki a ciki. Reaper, manhajar haɗa kiɗa, da OSARA, ƙarin da ke sa mai karanta allo ya iya karanta ta, waɗanda makafi da yawa ke aiki da su, a Windows da Mac suke haɗuwa, OSARA ba ya aiki a Linux. Ƙarfin Linux ga makaho yana wajen rubuta umarni: SoX da FFmpeg don yanka da sauya fayil, manhajojin Ecasound da Nama don ɗaukar layukan sauti da yawa a haɗa su. Wanda bai son rubuta umarni ya yi tunani kafin ya goge Windows.

Akwai abin da zan kiyaye lokacin girkawa?

Kwafe fayilolinka tukuna, kuma ka saurari girman faifai da kyau kafin ka yarda a goge shi. Idan ka kulle faifan da kalmar sirri, ka sani wurin da ake tambayarta yayin tashi ba ya magana: za ka jira 'yan daƙiƙu, ka rubuta a cikin shiru, ka danna Enter.