Kuɗin kafin alƙalami: me ake nufi da shi a harkar kwangila?

Duk lokacin da gwamnati ta ba da aikin hanya ko ginin asibiti, za ka ji a labarai an ce "an riga an biya ɗan kwangila kashi 30 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami". Maganar ta samo asali ne daga ciniki. Mai sayen gida ko gona yakan ajiye wani abu daga cikin kuɗin don a tabbatar ciniki ya faɗa, sannan ya ciko sauran daga baya. A harkar kwangila kuwa, kafin alƙalami shi ne kuɗin da hukuma ke ba ɗan kwangila tun bai aza tubali ko ɗaya ba, domin ya kai kayan aiki wurin, ya sayi siminti da rodi da tsakuwa, ya ɗauki birkiloli da leburori.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, har da wasu kansiloli, shi ne wannan kuɗi ba kyauta ba ne, ba kuma riba ba ce. Rance ne daga dukiyar jama'a. A ce ƙaramar hukuma ta ba da aikin kwalbati da magudanar ruwa a kan naira miliyan 20, ta biya miliyan 6 tun farko. Ɗan kwangila bai ci ko kwabo ba tukuna. Duk sanda ya kammala wani mataki aka zo biyansa, sai an zare wani kaso na miliyan 6 ɗin nan, har a cire shi duka. In bai yi aikin ba, bashi ne a wuyansa.

Dokar bayar da kwangila ta tarayya, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu a 2007, ta ƙayyade kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 cikin 100. Dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangila na cikin gida. Amma dokar ba ta tsaya a kan adadi kaɗai ba, ta gindaya sharaɗin da shi ne ginshiƙin al'amarin: kafin a saki kuɗin, sai ɗan kwangila ya kawo takardar lamuni daga banki ko daga kamfanin inshora, wadda ta ce in ya gudu, su za su mayar wa gwamnati kuɗinta. Bayan haka ba a ƙara masa ko sisi sai an je an duba aikin, an ba da takardar shaida cewa ya kai matakin da aka yi alkawari. Wannan doka ta tarayya ce. Ƙananan hukumomi suna tafiya ne da dokokin jihohinsu, kamar yadda Kaduna ta kafa hukumarta ta kula da kwangila a 2016, Jigawa ma tana da hukumar tantance ayyuka. Adadin kan bambanta daga jiha zuwa jiha, amma manufar ɗaya ce.

Ni ban ga laifin kafin alƙalami a kansa ba, har ma ina ganin in babu shi ƙaramin ɗan kwangila ba zai taɓa shiga layi ba. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma sai sun ɗora nasu a kai. Injiniyan da ya kafa ɗan kamfaninsa a Rano ko Gumel, da me zai ci wannan bashi ya gina aji biyu, sannan ya zauna wata da watanni yana jiran a biya shi? Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, farashin da aka rubuta a takarda yau ba lalle ya sayi rabin kayan ba bayan 'yan watanni. Wanda ya samu kuɗi da wuri ya zuba siminti da rodi a sito, ya tsira. Ko tela ma yakan karɓi wani abu kafin ya yanka yadin Sallah.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ke faruwa tsakanin ofishin ma'aji da bakin aiki. Sau da yawa takardar kwangila ba ta faɗa hannun mai sana'ar ba, sai hannun wanda ya yi wa jam'iyya wahala. Shi ba shi da ko shebur. Sai ya karɓi kafin alƙalami, ya cire nasa, ya sayar wa wani takardar. Na biyun ma ya cire nasa, ga na goro da aka raba a sakatariya kafin fayil ya motsa. Kafin kuɗin su iso hannun wanda zai haƙa rami, abin da ya rage bai fi na tifa biyu ta yashi da bulo ɗari ba. Duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya san ƙarshen labarin: allon sanarwa ya yi tsatsa a bakin hanya, gini ya tsaya iya taga, rodi ya fito tsirara yana shan ruwan damina, awaki sun mai da ɗakin haihuwa wurin kwana. Mata kuma har yanzu ana ɗaukarsu a kan babur zuwa asibitin da ke wani gari.

To ina takardar lamunin? Nan ne zuciya ke ɓaci. Ko dai ba a karɓe ta ba tun farko, ko an karɓi wadda wa'adinta zai ƙare kafin a ankara, ko kuma tana nan kwance a fayil babu mai ƙarfin halin zuwa banki ya ce a biya, saboda ɗan kwangilar na wani babba ne. Matsalar ba ta ƙauye kaɗai ba ce. Kwamitin da Ibrahim Bunu ya jagoranta ya shaida wa gwamnatin tarayya a 2011 cewa akwai ayyukanta 11,886 da ba a kammala ba. Dokar 2007 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba tare da zaɓin tara ba ga mutumin da ya yi maguɗi a kwangila, amma hukuncin da ba a zartarwa ba ya tsorata kowa.

Maganar ta ƙara nauyi tun ranar 11 ga Yuli, 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da magudanan ruwa da kwashe shara, duk tsarin mulkin 1999 ya ɗora su a kan ƙaramar hukuma, kuma kusan duka ta hanyar kwangila ake yin su. In kuɗin suka fara sauka a asusun ciyaman yadda kotu ta ce, kafin alƙalami da za a riƙa biya a sakatariya zai ninka na da.

Majalisar kansiloli ita ke amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, don haka tana da hurumin kiran shugaban sashen ayyuka da ma'aji su yi bayani. Ƙungiyar ci gaban gari ko ta matasan unguwa da ta ga aiki ya tsaya, ba sai ta jira zaɓe ba. Ta rubuta wa kansilan mazaɓarta, ta nemi a faɗi nawa aka biya ɗan kwangila da ranar da aka biya, wane banki ne ya tsaya masa, da ranar da lamunin zai ƙare. Wannan ranar ta ƙarshe ita ce ta fi gaggawa, domin da zarar ta wuce banki ya fita daga maganar, sai dai a bi ɗan kwangila kotu, in ma an same shi.