Dutse Mai Aman Wuta

Dutse mai aman wuta kafa ce a ɓawon ƙasa wadda narkakken dutse da toka da iskar gas suke fitowa ta cikinta, kuma da wannan suna ake kiran tudun da waɗannan abubuwa suke ginawa a bakin kafar. Muddin narkakken dutsen yana ƙarƙashin ƙasa masana suna ce masa magma, idan kuwa ya fito sarari yana malala sai a ce masa laba, kuma zafinsa yakan kasance tsakanin digiri 700 da 1,200 a ma'aunin Salshiyos. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan duwatsu kimanin 1,350 da za su iya yin amai, ban da waɗanda ke jere a ƙarƙashin teku, kuma wajen 500 daga cikinsu sun yi aman tun da ɗan Adam ya fara rubuta tarihi.

Wuraren da ake samun su

Ɓawon ƙasa ya kasu manyan ɓangarori da ke motsi na 'yan santimita a shekara, kuma a kan iyakokinsu ne galibin duwatsun suke. Inda wani ɓangare yake nutsewa ƙarƙashin wani, ruwan da ya shiga da shi yana sa dutsen da ke samansa ya narke, kuma wannan ne ya haifar da jerin da ya kewaye Tekun Fasifik, wanda ake kira Zoben Wuta, daga Chile zuwa Alaska zuwa Japan da Filifin. Inda ɓangarorin suke rabuwa, kamar a Aislan da kuma tsagin Gabashin Afirka da ya ratsa Habasha da Kenya da Tanzaniya, magma tana tasowa ta cike gurbin. Akwai kuma waɗanda ke tsakiyar ɓangare guda, nesa da kowace iyaka, irin na Hawai.

Ire-irensu

Siffar dutsen da irin aman da yake yi duka sun dogara ne a kan kaurin magma da yawan gas ɗin da ke cikinta. Magma mai ƙarancin sinadarin silika tsinkakkiya ce kamar kunu, gas yana fita daga cikinta cikin sauƙi, mai yawan silika kuwa tana kama da talgen tuwo da ya yi kauri a kan wuta, wanda tururi ba ya samun hanya sai ya fasa shi ya yi tsartuwa.

Dutse mai siffar garkuwa yana samuwa ne daga tsinkakkiyar laba irin ta baƙin dutsen da ake kira basalt, wadda take malala nesa kafin ta daskare, shi ya sa yake da faɗi ƙwarai amma gangarensa ba shi da tsanani. Mauna Loa na Hawai, mai tsayin mita 4,169 daga matakin teku, shi ne mafi girma a cikin masu rai, kuma ya yi amai a ƙarshen 2022 bayan ya yi shiru tun 1984. Emi Koussi da ke duwatsun Tibesti a arewacin Cadi, wanda ya fi mita 3,400 kuma ya fi kowane dutse tsayi a Sahara, a wannan rukuni ake sa shi.

Dutse mai hawa-hawa shi ne wanda ya fi shahara, domin shi ne mai tsini da tsayi. Ana samun shimfiɗar laba, sannan ta toka da tsakuwa, sannan wata labar, har tudun ya ginu a cikin dubban shekaru, kuma yana iya yin ƙarnoni a kwance kafin ya farka da fashewa mai tsanani. Fuji na Japan mai mita 3,776, wanda amansa na ƙarshe ya fara a 1707, da Vesuvius na Italiya, da Kilimanjaro na Tanzaniya mai mita 5,895, da Nyiragongo na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, duk wannan iri ne. Mafi yawan bala'o'in da tarihi ya kiyaye daga wannan rukuni suka fito.

Tsibin gawayin dutse ƙarami ne, ba kasafai yake wuce 'yan ɗaruruwan mita ba, kuma galibi sau ɗaya yake amai a rayuwarsa. Paricutín na Meksiko ya tsiro ne a cikin gonar masara ranar 20 ga Fabrairu, 1943, a gaban mai gonar, ya ci gaba da girma har ya haura mita 400 kafin ya mutu a 1952, bayan labarsa ta binne garuruwa biyu. Shi ne dutse na farko da masana suka bi tun daga haihuwarsa har mutuwarsa.

Akwai kuma curin laba, wanda ke taruwa a bakin kafa idan labar ta yi kaurin da ba za ta iya gudana ba, kamar na tsibirin Montserrat da ya farka a 1995 har aka ƙaurace wa Plymouth, babban birnin tsibirin.

Siffofin da suke bari a doron ƙasa

Idan rumbun magma da ke ƙarƙashin dutse ya zazzage cikin ɗan lokaci, saman dutsen yakan rufta ya bar ƙaton kwari da ake kira kaldera. Tambora da ke tsibirin Sumbawa a Indonesiya ya yi haka a watan Afrilun 1815: ana ƙiyasta cewa tsayinsa ya kai mita 4,300 kafin fashewar, ya koma kimanin 2,850, ya bar rami mai faɗin kilomita 6. Tafkin Toba na Sumatra, mai tsawon kilomita 100, kaldera ce ta wani aman da ake jin ya auku shekaru 74,000 da suka wuce. A Afirka akwai Ngorongoro ta Tanzaniya da Deriba da ke kan Jabal Marra a Darfur, wadda take da tafkuna biyu a cikinta.

Idan magma ta gamu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, tururi yakan fasa wurin ya bar rami mai zurfi da ruwa ke cikawa daga baya. Idan kuma dutse ya mutu, ruwan sama da iska suka cinye jikinsa a cikin miliyoyin shekaru, abin da yake saura shi ne daskararren maƙogwaronsa a tsaye, kamar Dutsen Wase a Jihar Filato da duwatsun Rhumsiki a tsaunukan Mandara. Wani lokaci kuma laba tana fita ta doguwar tsaga ba tare da ta gina tsauni ba, ta shimfiɗu ta zama faffaɗan tudu, irin na Deccan a Indiya mai kimanin shekaru miliyan 66 da na tsaunukan Habasha.

Haɗarin amai

Kwararar laba ita ce mutane suka fi tsoro, amma ita ce mafi ƙarancin kisa, domin galibi tana tafiya a hankali ta yadda za a iya kauce mata, ko da yake ba ta barin gida ko gona. Nyiragongo ya fita daban saboda tsananin tsinkewar labarsa, wadda ta ratsa birnin Goma a Janairun 2002, ta lalata wani ɓangare na filin jirgin sama, ta kuma kori dubban ɗaruruwan mutane zuwa Ruwanda, sannan ta sake isa gefen birnin a watan Mayun 2021. Marubutan tarihin Musulunci sun kawo labarin wutar da ta fito a gabashin Madina a shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, bayan kwanaki ana girgizar ƙasa. Masana kimiyyar ƙasa sun tabbatar da cewa aman filin duwatsun Harrat Rahat ne, wanda ya ɗauki kimanin kwana 52, labar ta yi tafiyar kusan kilomita 23 ta tsaya kilomita kaɗan daga birnin. Malamai da dama na wancan zamani sun danganta ta da hadisin da ya yi maganar wutar da za ta fito daga ƙasar Hijaz.

Abin da ya fi kisa kai tsaye shi ne guguwar toka da gas mai zafi da ke gangarowa daga dutse da gudun da ya wuce kilomita 100 a sa'a, da zafin ɗaruruwan digiri. Ita ce ta hallaka waɗanda suka rage a garuruwan Pompeii da Herculaneum a shekara ta 79 Miladiyya, lokacin da Vesuvius ya fashe. Pliny Ƙarami, wanda ya hango abin daga ƙetaren ruwa, ya bayyana shi a wasiƙu biyu da ya aika wa masanin tarihi Tacitus, kuma har yau da sunansa ake kiran irin aman da ke tura ginshiƙin toka sama ƙwarai. An daɗe ana cewa ranar 24 ga Agusta abin ya faru, amma wani rubutun gawayi da aka gano a bangon wani gida a 2018 ya ƙarfafa ra'ayin masu cewa a watan Oktoba ne. Irin wannan guguwa ce ta shafe garin Saint-Pierre na tsibirin Martinique ranar 8 ga Mayu, 1902, inda mutane kimanin 28,000 suka mutu cikin 'yan mintuna, ita ce kuma ta kashe mutum 43 a dutsen Unzen na Japan a 1991, cikinsu har da masanan duwatsu Katia da Maurice Krafft.

Ambaliyar taɓo, wadda ake kira lahar, tana samuwa idan toka ta cakuɗu da ruwan sama ko narkakkiyar ƙanƙara ta bi kwarin kogi. Aman Nevado del Ruiz na Kolombiya a daren 13 ga Nuwamba, 1985, bai yi wani girma ba, amma ya narkar da ƙanƙarar da ke kan dutsen, taɓon ya binne garin Armero, mutane kimanin 23,000 suka rasu. An riga an zana taswirar da ta nuna garin yana cikin haɗari, sai dai ba a kwashe mutane ba, kuma wannan sakaci ne ya sa ƙasashe da dama suka sake tsarin gargaɗinsu.

Toka tana rushe rufin gidaje idan ta jiƙe, kamar yadda aka gani a Pinatubo na Filifin a watan Yunin 1991, tana kuma kashe injin jirgin sama, dalilin da ya sa aka soke tashin jirage kimanin 100,000 a Afrilun 2010 saboda aman Eyjafjallajökull na Aislan. Fashewar Krakatau ranar 27 ga Agusta, 1883, ta tayar da igiyar ruwa da ta cinye garuruwan gaɓar Java da Sumatra, mutane fiye da 36,000 suka mutu, aka kuma ji ƙararta a tsibirin Rodrigues mai nisan kusan kilomita 4,800.

Babban amai yana taɓa yanayin duniya, domin gas mai ɗauke da farar wuta yana hawa sama ya tare hasken rana. Pinatubo ya rage zafin duniya da kimanin rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. Tambora ya jawo lalacewar amfanin gona a Turai da Arewacin Amurka a 1816, yayin da a Sumbawa da Lombok yunwa da cuta suka kashe fiye da waɗanda fashewar ta kashe, kuma ƙiyasin mamatan yana kamawa daga 70,000 zuwa sama da 90,000. Aman tsagar Laki a 1783 zuwa 1784 ya kashe dabbobi masu yawa a Aislan, yunwar da ta biyo baya ta ɗauke kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen tsibirin.

Layin Kamaru da Nijeriya

Jerin duwatsun da ake kira Layin Kamaru ya kai tsawon kilomita 1,600, ya taso daga tsibiran Annobón da São Tomé da Bioko, ya bi ta Dutsen Kamaru da tsaunukan Oku, ya rabu zuwa tudun Adamawa da kuma Mandara da Biu. Ba a kan iyakar ɓangarorin ƙasa yake ba, kuma masana ba su daidaita a kan musabbabinsa ba. Dutsen Kamaru, mai tsayin sama da mita 4,000, ya yi amai a 1909 har gwamnatin mulkin mallakar Jamus ta bar Buea ta koma Douala na wani lokaci, ya kuma sake yi a 1922 da 1959 da 1982 da 1999 da 2000.

Bala'in da ya fi girma a wannan layi ya zo ba tare da wuta ba. Tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru yana cikin ramin tsohon dutse ne, zurfinsa ya haura mita 200, kuma iskar kabon dayoksaid da ke tsattsafowa daga ƙasa takan narke ta taru a ruwan can ƙasa. A daren 21 ga Agusta, 1986, gas ɗin ya ɓalle gaba ɗaya, kuma da yake ya fi iskar shaƙa nauyi sai ya bi kwari ya shiga ƙauyukan Nyos da Cha da Subum, ya shaƙe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500, galibi shanun makiyaya. Shekara biyu kafin haka tafkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya. Wasu suna ganin zaftarewar ƙasa ce ta motsa ruwan, wasu suna cewa ruwan sama mai sanyi ne. An kafa bututun zuƙe gas na farko a Nyos a 2001, aka ƙara biyu a 2011. Bakin tafkin kuma yana da gaɓa mai rauni wadda idan ta karye ruwan zai bi kogin Katsina-Ala zuwa jihohin Taraba da Binuwai, kuma tare wannan ambaliya yana cikin dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum.

A Nijeriya babu rubutaccen tarihin wani amai. Tudun Biu a kudancin Borno shimfiɗar basalt ce mai tsibin duwatsu da yawa da kuma tafkin Tila, a tudun Jos kuma akwai irinsu a yankin Panyam da Kerang, kuma ana saɓani kan ko sun mutu ne ko barci suke yi. Zuma da Kufena, waɗanda wasu ke ɗauka na aman wuta ne, magma ce da ta daskare can ƙarƙashin ƙasa, zaizaya ta tone ta daga baya.

Aunawa da sa ido

Tun 1982 ake auna girman fashewa da ma'aunin da Chris Newhall da Stephen Self suka tsara, daga 0 zuwa 8, inda Pinatubo da Krakatau suke mataki na 6, Tambora na 7, Toba na 8. Alamomin da ake bibiya su ne ƙananan girgizar ƙasa, da kumburin jikin dutse, da sauyin gas ɗin da yake fitarwa, kuma da su aka kwashe dubun-dubatar mutane daga kewayen Pinatubo kwanaki kafin fashewarsa ta 15 ga Yuni, 1991.