Wa Ke Jin Maganar Wa? Tambayoyi da Amsoshi kan Nazarin Alaƙoƙin Jama'a a Damagaram

Shin wannan nazarin Facebook da WhatsApp ake nufi?

A'a, ya girme wa intanet nesa ba kusa ba. Tun 1934 wani masani mai suna Jacob Moreno ya wallafa zane mai nuna wa ke zaɓen wa a cikin rukunin mutane. Ana sa ɗigo ga kowane mutum ko gida ko ma'aikata, sai a ja layi tsakanin duk biyun da wani abu ya haɗa: rance, shawara, auratayya, adashi, zaman fada. Ƙidaya takan tambayi shekarunka da sana'arka. Shi kuwa wannan, abin da yake nema shi ne wurin wa kake nufa idan ta kama.

Ina ruwan tsare-tsaren gwamnati da wannan?

Rigakafi, sabon iri, sulhun manoma da makiyaya, duk ta bakin mutane suke bi kafin su shiga gida. Abin da aka saba shi ne a kira mai gari da liman da shugabar mata, a yi taro, a biya kuɗin zama, a koma birni ana jiran sakamako. Izininsu wajibi ne, ba a tsallake su. Amma mai ba da izini daban, mai yaɗa magana daban. A jihar Haryana ta Indiya an gwada wannan a ƙauyuka 521: a wasu an ba da labarin ranar rigakafi ga mutanen da aka zaɓa da ka, a wasu kuma ga waɗanda ƴan gari suka ce su ne labari ba ya kwana a bakinsu. A kashi na biyu, yaran da ake yi wa allura kowane wata sun fi yawa da kashi 22 cikin 100.

Yaya ake tattara bayanan, a ce a wani ƙauye na Mirya?

Da farko a shata iyaka: garin kaɗai, ko har da tungayensa da rugar da ke gefe? Wanda aka bari a waje ba zai taɓa fitowa a zanen ba, ko da shi ne ke sasanta rikicin burtali. Sai a rubuta kowane gida da manyan da ke cikinsa, a ba kowa lamba.

Daga nan sai tambayoyi, kuma nan ne gizo ke saƙa. "Su wa ne abokanka?" ba ta da amfani, don kowa zai lissafo maka rabin gari. A tambayi abin da ke faruwa a zahiri: in hatsi ya ƙare a watan takwas, wa ke ranta maka tiya biyu? In yaro ya kwana da zazzaɓi, wa kike fara faɗa wa kafin asibiti? Gonar wa kake leƙawa kafin ka sauya iri? Tambaya uku zuwa biyar sun isa, kowace da zanenta, domin wanda ake zuwa wurinsa rance ba lalle ne shi ake nema kan lafiya ba. Kada a ƙayyade suna uku kacal. Yin haka yana yanke alaƙoƙin nesa, alhali binciken masanin zamantakewa Mark Granovetter na 1973 ya nuna sabon labari, irin na samun aiki, ya fi zuwa ta hannun sanayya ta sama-sama. Ana ɗaukar amsoshi a waya da manhajar KoboToolbox, a zana da manhajar Gephi, dukansu kyauta.

Ba za a iya tambayar kaɗan daga cikin gidajen ba, a rage kuɗi?

Lissafin ba ya yarda. Gida 120 na iya ƙulla alaƙa 7,140 a tsakaninsu. In an tambayi kashi 80 cikin 100, kusan kashi 64 na waɗannan ne aka ji daga ɓangarorin biyu. In rabi aka tambaya, rubu'i ke nan. Gara ƙauye biyar da aka gama kaf da ashirin da aka tsakura. In kuɗin bai kai ba, a bi hanyar Haryana: a tambayi gidaje kaɗan wa za a faɗa wa magana ta game gari.

Me ake dubawa a zanen?

Abu biyu sun fi amfani. Na ɗaya, sau nawa aka ambaci mutum. Na biyu, wa ke tsaye tsakanin rukunai biyu da ba sa haɗuwa sai ta kansa. Wannan na biyun sau da yawa ba mai rawani ba ne: dillalin kasuwar Dole da ke da abokan ciniki a Magarya da ƙetaren iyaka, ungozoma mai shiga gidajen kulle, mai garuwa da ke zaga Birni da Zango. A duba kuma ɗigon da ba layi ko ɗaya a jikinsa. Waɗannan ne tallafi ke wucewa ta kansu.

To da an samu mutum ɗaya mai jama'a, shi ke nan?

In yaɗa labari ne kawai, yana iya isa. Ga abin da ke da kasada, a'a. Manomi ba ya haƙa tassa a gonarsa don ya ji daga baki ɗaya; sai ya gani wurin mutum biyu ko uku da ya yarda da su. A Malawi an gwada irin wannan shuka ta rami a ƙauyuka 200, ana horar da manoma biyu a kowane gari, kuma zaɓen su ta taswirar alaƙa ya fi zaɓen malaman gona yaɗa dabarar. Saboda haka a horar da mutanen da ke da abokai na tarayya, kada a warwatsa su ɗaya gabas ɗaya yamma.

Ina aka fi yin tuntuɓe?

A kan suna. Gari ɗaya zai iya samun Abdu goma sha, ga laƙabi, ga kunya: mace ba za ta kira sunan mijinta ko ɗan farinta ba. Dole a rubuta sunan uba da unguwa da laƙabi, a daidaita da lamba tun ranar, ba sai an koma ofis ba. Sai lokaci: zanen da aka yi a watan uku, samari sun tafi cin rani, ba shi ne na damina ba. Namiji kuma ba zai samu amsar matan kulle ba, dole a ɗauki mata masu tambaya. Kuma da zarar an zaci rabon tallafi ne, kowa ɗan'uwansa zai ambata.

Ba tonon asiri ba ne?

Yana iya zama, don wanda aka ambata bai ba da izini ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane da hukumar da ke kula da ita. Takardar da ke haɗa suna da lamba ta zauna a hannun mutum ɗaya, kuma kada a nuna zanen bashi a bainar jama'a, domin a ƙaramin gari ko ba suna za a gane kowa. Zanen fadodin samari kuwa, a yanke tun kafin a fara tambaya wa zai gan shi da wa ba zai gani ba, a kuma faɗa wa samarin.