Suwizalan ba ta hana gina masallaci ba

A majalisar masu shayi a unguwar Nima da ke birnin Accra na ƙasar Gana, in aka tabo zancen Musulmin Turai, sai wani ya ce ai Suwizalan ta haramta gina masallatai. Maganar ta daɗe tana yawo, amma ba haka abin yake ba.

A ƙuri'ar raba gardama ta 29 ga Nuwamban 2009, kashi 57.5 cikin ɗari na masu zaɓe sun amince a hana gina sabbin hasumiyoyi. Hasumiya kawai. Masallatai suna nan, ana salla, ana kuma iya gina sababbi. Gwamnatin ƙasar ma ta nemi jama'a su ƙi dokar.

Sai dai wannan bai wanke su ba. Hasumiyoyin ƙasar gaba ɗaya a lokacin huɗu ne, daidai da na Babban Masallacin Ƙasa na Gana da ke unguwar Kanda a Accra shi kaɗai. Amma jam'iyyar SVP ta masu ra'ayin riƙau a Suwizalan ta lilliƙa fastoci da hasumiyoyi kamar makamai masu linzami sun tsire a kan tutar ƙasar, ga wata mace da niƙabi a gaba. Tsoron Musulmi aka tallata, kuma ya samu kasuwa.