Gano kebul ɗin da ke binne ta hanyar awon maganaɗisu

Wannan dabara ce ta gane inda wayar lantarki ko ta sadarwa ta bi a ƙarƙashin ƙasa, da zurfinta, ba tare da an sa diga ba. Tushenta abin da Hans Christian Oersted, ɗan ƙasar Denmak, ya gano ne a 1820: duk wayar da wuta ke bi ta cikinta, ƙarfin maganaɗisu na kewaye ta. Ƙarfin yana raguwa gwargwadon nisa, in nisan ya ninka sai ya koma rabi. Waya ɗaya mai ɗauke da wuta amfiya 1 tana ba da maikrotesla 0.2 (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ke nan) a nisan mita 1, alhali ƙarfin maganaɗisun duniya kansa yana tsakanin 25 da 65. Abin da ke ceton mai awo shi ne na duniya ba ya kaɗawa, na waya kuwa kaɗawa yake yi, sau 50 a daƙiƙa a Najeriya, kuma mai kaɗawar kaɗai naɗin wayar tagulla da ke cikin na'urar awon ke ji.

Mai aikin kan riƙe na'urar a tsaye kamar sanda, yana ratsa wurin a hankali. Inda ƙarar na'urar ta fi tashi, nan ne saman kebul, sai ya kafa turke ko ya shafa fenti. Zurfin kuma da naɗi biyu ake samo shi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A ce tsakaninsu santimita 50 ne: in awon na ƙasa ya ninka na sama, kebul ɗin yana santimita 50 daga na ƙasan; in ya fi shi da rabi kawai, mita 1 ke nan.

Sauraron wutar da ke cikin layi kaɗai ba abin dogaro ba ne. Kebul mai wayoyi uku, irin na kilobolt 11, ƙarfin wayoyinsa kan kashe juna, kuma a gari irin Zariya, inda ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, shirun na'ura ba ya nufin babu komai a ƙasa. Shi ya sa ƙwararru ke haɗa wata ƙaramar na'ura da layin, ta aika masa da alamarta, misali mai kaɗawa sau 33,000 a daƙiƙa, su bi sawunta. Alamar ta cikin ƙasa take komawa, don haka da rani, in ƙasa ta ƙeƙashe, akan zuba ruwa a gindin ƙarfen da aka kafa a ƙasa aka haɗa da ƙaramar na'urar.

A wuri mai cunkoso kamar kasuwar Sabon Gari, bututun ƙarfe, rodin kwalbati da wayoyin sama kan karkatar da awon. Zaren intanet na gilashi da bututun roba kuwa ba sa amsawa sam, sai in an binne su da siririyar waya ta ƙarfe. Kafin katafila ta shiga, akan tona ƙaramin rami da shebur a tabbatar da ido.