Durowar gwanjo a ɗakin baƙi: tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Tun da aka ga durowar katakon da na sayo a gwanjo, na gyara na sa a ɗakin baƙi, ban huta ba. Ga amsa, don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wai akwai riba a sayen tsohuwa?

In katako ne na gaske, irin su maɗaci ko iroko, akwai. In garin katako ne da aka danne da gam, bar musu kayansu.

Wane launi zan shafa?

Wanda ya yi miki. Amma Hajiya, kin duba kuɗin cizo? Kullum launi ake tambayata, ba mai tambayar wannan. Kada durowar ta shiga ɗaki ranar da kika sayo ta. Zare aljihunanta duka, haska tocila a kowace mahaɗa. Ɗigo-ɗigon baƙi kashinsu ne. A shanya a rana, a yi feshin magani, a sake bayan mako biyu saboda ƙwai. Abin kunya ne surukarki ta kwana tana susa a gidanki. In kuma kin ga ƙananan ramuka da gari kamar fulawa, share ki jira kwana biyu. In garin ya dawo, ƙwaro na ciki yana ci.

Sai na goge tsohon fentin duka, ko in shafa sabo a kai?

To, nan kam ba zan yanke hukunci ban ga durowar ba. In tsohon shafin yana nan daram, bai tsage ba, bai ɓamɓaro ba, kuma fenti za ka sa, galibi ba sai ka kai ga katako ba. Wanke maiƙo da datti, bari ta bushe, kashe ƙyallin da sanfefa mai lamba 180 (ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi), ka shafa firama, wato shafin farko da ke sa fenti ya kama, sannan fenti. In kuwa so kake jijiyar katakon ta fito ka sa banish, dole tsohon ya tafi: ka fara da 80 ko 120, ka ƙare da 220, kullum kana bin jijiya.

Sai dai kafin nan ka dubi bakin allon sama da bayansa. Da yawa daga cikin waɗannan durowowi ɓawon katako mai kyau aka manna a kan filawud, kaurinsa sau da yawa bai kai milimita 1 ba. Ka sa masa inji ko lamba 80, nan da nan ka huda shi, kuma ba ya gyaruwa. Irin wannan da hannu ake bi, a hankali, musamman a gefuna. In fomika ce, ba abin da za ka fito da shi, sai dai firama mai kamawa da fenti.

Abin da ya fi damuna shi ne tsohon fenti mai kauri, hawa kan hawa. Yana iya ɗauke da dalma. Amurka ta hana ta a fentin gida tun 1978, amma ƙasashe da yawa sun daɗe ba su bi ba. Ƙurar dalma ce, daga dakan duwatsun zinare, ta kashe yara sama da 400 a Zamfara wajen 2010. Wannan ta fenti ce, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Saboda haka, in ba ka san asalin fentin ba, ni dai ba zan goge shi a bushe ba, ba zan ƙona shi ba. Ko ka rufe shi da sabo in yana da lafiya, ko ka sa maganin cire fenti ka kankare a waje, da safar hannu, yara da mai juna biyu suna nesa. Ƙila ɓarnar lokaci ce, ƙila babu dalmar. Na gwammace hakan.

Burushi ko feshi?

Burushi mai kyau. Shafi siriri sau biyu ko uku, ba mai kauri sau ɗaya ba.

Na shafa, ya fito da tsakuwa-tsakuwa. Na ɓata ke nan?

A'a, kwantar da hankalinki. Ƙura ce, musamman in da hunturu kika yi a tsakar gida. Bari ya bushe sarai, bi da 220 sama-sama, goge da tsumma, ƙara shafi a inda iska ke shiga amma ƙura ba ta tashi.

Aljihun yana cijewa.

Goga kyandir a hanyarsa. Da damina katako kan kumbura, kada ka yi saurin fere shi.

Warin tsufa fa? Turaren wuta ya isa?

Bai isa ba, rufe warin kawai yake yi. Rana, sannan gawayi a kwano cikin kowane aljihu na 'yan kwanaki. Kuma kada ki yi wa cikin aljihu fentin mai, warinsa zai bi tufafin baƙi.

Baƙi na tafe jibi, zan iya farawa yau?

Ba za ki iya ba. Fentin mai yana so a bar shi kamar awa 24 tsakanin shafi da shafi, kuma bushewar taɓawa daban, fentin ya yi ƙwari daban. Sai ya yi mako biyu zuwa uku kafin a ɗora masa jaka ko kwalbar turare. Goge ta, shimfiɗa mata ƙyalle mai tsabta, in sun tafi ki fara.