Tazarar Kashewa a Tukunyar Nukiliya ta Bincike

Tazarar kashewa ita ce gwargwadon nisan da tukunyar nukiliya ke yi daga kamawa idan an zura mata sandunan sarrafawa, masu shanye ƙananan ƙwayoyin da ake kira nutiron, don a kashe ta. Ana cewa tukunya ta kama idan nutiron ɗin da ake samu daga tsagewar ƙwayoyin yuraniyom suka yi daidai da waɗanda ke ɓacewa, har aikin ya riƙa ciyar da kansa. Kashewa kuwa ita ce a sa ɓacewar ta rinjayi samuwar. Ba a wadatuwa da rinjaye kaɗan: dokokin lasisi na neman a bar rata sananniya, wadda aka auna, yadda sanyin ruwa ko cire wani samfur da aka sa don gwaji ko maƙalewar sanda ba za su sake tayar da tukunyar ba. Batun ya fi tsanani a tukwanen jami'o'i, domin kullum ana sa abu ana cirewa a cikinsu, kuma ɗalibai na koyon aiki a kansu.

Ma'auni

Lissafin ragi ne, kuma abin da ake lissafawa shi ne kuzari, wato yadda samuwar nutiron ke rinjayar ɓacewarsu. Ana ɗaukar jimillar ƙarfin sandunan, wato yawan kuzarin da suke shanyewa idan sun shiga duka, a cire rarar kuzarin da cibiyar tukunyar ke da shi idan an zare su duka. Abin da ya saura shi ne tazarar. A mafi yawan ƙa'idoji ana ƙara sharaɗi: a ƙaddara sanda mafi ƙarfi ta maƙale a waje, ba ta sauka ba, sannan a yi lissafin da sauran. Ana kuma yin sa a yanayi mafi hatsari, lokacin da ruwa ya yi sanyi kuma babu zenon, iskar da ke shanye nutiron, a cibiyar.

Wasu cibiyoyi na aunawa da mk, ɗaya bisa dubu ke nan. A Amurka an fi amfani da dala da santi. Dala ɗaya ita ce kason nutiron masu jinkiri, waɗanda ba sa fita nan take bayan tsagewa sai bayan ɗan lokaci, daga ƙasa da daƙiƙa ɗaya zuwa kusan minti. A yuraniyom 235 kasonsu kimanin 0.65 ne cikin ɗari. Wannan ɗan kaso shi ke ba hannun mutum da na'ura damar riƙe linzamin tukunya. Idan rarar kuzari ta kai dala ɗaya, tukunyar ba ta jiran masu jinkiri, ƙarfinta na ninkuwa kafin ƙiftawar ido.

Tarihi

Tukunyar farko da ɗan Adam ya gina a harabar jami'a take. Ranar 2 ga Disamba 1942, a ƙarƙashin kujerun 'yan kallo na filin wasan Jami'ar Chicago, tawagar Enrico Fermi ta tayar da tulin tubalan girafait da yuraniyom. Sandunan da suka yi amfani da su na kadmiyom ne, ƙarfen da ke haɗiye nutiron. Abin lura shi ne yawan hanyoyin kashewa da suka tanada tun ranar farko. Akwai sanda mai shiga da kanta idan ma'auni ya wuce iyaka. Akwai wata da aka ɗaure da igiya, Norman Hilberry na tsaye kusa da ita da gatari, don ya sare igiyar nauyi ya ja sandar ciki. A saman tulin kuma mutum uku na riƙe da bokitan ruwan gishirin kadmiyom, shirye su kwarara shi idan komai ya ƙi. George Weil ne ya riƙa zare sandar ƙarshe kaɗan-kaɗan, Fermi na duba ma'auni yana lissafi kafin ya ba da umarnin ƙarin ja. Tulin ya yi aiki na 'yan mintuna a kan kimanin rabin wat, aka mayar da sanda. Ana yawan danganta kalmar Turancin da ma'aikata ke kiran kashewar gaggawa da ita, wato SCRAM, ga mai gatarin nan. Masana tarihi ba su haɗu a kan haka ba.

Tun farkon shekarun 1950 tukwane suka fara shiga jami'o'i don koyarwa. Ta Kwalejin Jihar North Carolina da ke Raleigh ta kama a 1953, ta Jami'ar Jihar Pennsylvania ta biyo baya a 1955. Wajen ƙarshen shekarun aka fito da samfurin TRIGA na kamfanin General Atomics, wanda Edward Teller da Freeman Dyson na cikin waɗanda suka tsara shi. Makamashinsa gauraye ne na yuraniyom da zirkoniyom mai ɗauke da haidurojin, kuma da zarar ya yi zafi sai kuzarinsa ya faɗi nan take. An tsara shi ne don ya kashe kansa ko da an fizge sanda.

Sharaɗin maƙalalliyar sanda ya samu ƙarfinsa ne bayan hatsarin SL-1 a jihar Idaho, ranar 3 ga Janairu 1961. Tukunyar ta sojojin Amurka ce, kuma a kashe take, ana aikin gyara da dare. Aikin ya buƙaci a ɗaga sandar tsakiya da hannu kimanin santimita 10 don a haɗa ta da injin da ke tuƙa ta. An ɗaga ta kusan santimita 50. Sandar nan ita kaɗai ta isa ta tayar da tukunyar, ƙarfi ya haura cikin 'yan dubbai na daƙiƙa, ruwa ya zama tururi ya fashe, ma'aikatan uku suka rasu. Dalilin ɗaga sandar har haka ya kasance abin saɓani. Aibin tsarin kuwa a fili yake, kuma daga nan aka tsananta cewa fitar sanda ɗaya kada ta isa ta kunna tukunya.

A Satumba 1983 ma'aikaci ɗaya ya rasu sakamakon hatsari a na'urar RA-2 kusa da Buenos Aires ta Ajantina, lokacin da ake sauya jerin makamashi ba a tsiyaye ruwan duka ba kamar yadda ƙa'ida ta ce. Nan ma tukunyar a kashe ake ɗaukarta.

Abin da ke cin tazarar

Ƙona makamashi na rage rarar kuzari, don haka tazarar na ƙaruwa a hankali. Hatsarin na zuwa ne daga gyaran da ake yi don cike gurbin: sabon makamashi, ko ƙarin abin da ke mayar da nutiron cikin cibiya. Zenon 135 na taruwa yayin aiki yana shanye nutiron, sai tukunya ta yi kamar tazararta ta ƙaru, amma rabinsa na ɓacewa duk awa tara da ɗoriya, bayan kwana biyu ko uku kariyar ta tafi. Samfurin da ke haɗiye nutiron ma haka yake, ranar da aka zare shi kuzari ya dawo. Shi ya sa ba a lissafa zenon ko samfur mai motsi a matsayin kariya.

Awon kansa aikin haƙuri ne. Mai aiki na daidaita tukunya a ƙaramin ƙarfi, ya zare sanda ɗan kaɗan, ya jira allura ta natsu, sannan ya ɗauki lokacin da ƙarfin ke ɗauka kafin ya ninka. Daga wannan lokacin ake fitar da ƙimar guntun sandar da aka zare. Sai a maimaita, gaɓa bayan gaɓa, har tsawon sandar. Ana kuma gwada saurin faɗuwarta, domin a yawancin tukwane maganaɗisun lantarki ne ke riƙe ta, wuta na yankewa ta faɗi da nauyinta.

Tukunyar Zariya

Tukunyar bincike ta Nijeriya, NIRR-1, tana Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ƙirar Sin ce, daga cikin ƙananan tukwanen da aka tsara bisa samfurin SLOWPOKE na Kanada, an gina ta da ƙarfin kimanin kilowat 30, kuma ta fara kamawa a Fabrairu 2004. Cibiyarta ba ta fi ƙaramin bokiti ba, wajen santimita 23 a faɗi da tsawo, kewaye da beriliyom mai mayar da nutiron cikinta, a nutse cikin ruwa. Irinta ce a Kwabenya kusa da Accra ta Ghana, wadda ta girme ta da kimanin shekara goma.

Sandar sarrafawa ɗaya ce tak a wannan ƙira, ta kadmiyom, a tsakiyar cibiya. Sharaɗin maƙalalliyar sanda ba ya aiki a nan yadda yake a wasu wurare, domin idan ta maƙale babu ta biyu. Masu ƙirar sun bi ta wata hanya, kuma hanya ce mai kyau: sun taƙaita rarar kuzarin tun daga tushe, kada ta wuce mk 4, kusan rabin kason nutiron masu jinkiri a wannan cibiya. Ko an zare sandar gaba ɗaya, ƙarfi zai hau, ruwa ya ɗumama ya rage kauri, kuzarin ya sauka da kansa. Rahotannin ƙaddamarwa na 2004 sun nuna awon farko ya haura iyakar, aka rage shi da kadmiyom zuwa mk 3.77. Ƙimar sandar kuwa a lokacin kimanin mk 7 ce, abin da ya bar tazara sama da mk 3 kaɗan. Don gaggawa akwai kwanson kadmiyom da ake harbawa da iska ta bututun da samfura ke bi zuwa gefen cibiya.

Wannan taka-tsantsan na da farashi. A cikakken ƙarfi tukunyar 'yan awoyi kawai take yi kafin ɗumin ruwa da zenon su cinye rarar. Idan shekaru suka rage ta, ana ɗora siraran faifan beriliyom a tiren da ke saman cibiya, kuma kowane ɗori na buƙatar sabon awo.

A 2018 an sauya makamashin daga wanda kashi 90 cikin ɗari na yuraniyom ɗinsa yuraniyom 235 ne zuwa mai kashi 13, aka mayar da tsohuwar cibiyar zuwa Sin a Disamba na shekarar. Ghana ta riga ta yi nata sauyin a 2017. Sabuwar cibiya ta sa aka sake auna ƙimar sanda da rarar kuzari daga farko, ƙarƙashin sa idon Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Nijeriya.

Amfani

Ana amfani da tukunyar wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa, duwatsu da abinci, da kuma horar da ɗalibai.